Karen Da Ya Ƙi Amsa Sunansa

Kun cika min waya da saƙo kuna tambayar abin da ya sa na yi shiru kwana biyu. To ga ni. Sai dai ku yi haƙuri da rubutun yau.

Ga wadda ta shigo shafin nan yau ba ta san ni ba, sunana Ikhlas, ƴar Alhaji Tanko mai sayar da tattasai da kayan masarufi a babbar kasuwar Diffa. Asalinmu Damagaram ne, amma a nan aka haife ni, a unguwar Diffa Kura. Shekaruna ashirin da shida, ban yi aure ba, kuma aikina koyar da karnuka.

Eh, karnuka. Ku yi dariyarku ku gama, na saba.

Kiwon dabbobi na karanta. Da na dawo gida sai Dokta Yakaka ta ɗauke ni aiki a ɗan asibitinta na dabbobi. A bayan asibitin akwai fili mai katanga da itatuwan dogon yaro, nan muke yin aji ran Talata da Asabar bayan la'asar. Dokta ce ta ƙirƙiro shi, don ta gaji da ɗinke wuyan karnukan da sarƙa ta ci da haƙarƙarin da sanda ta karya. Masu zuwa ba su da yawa: ma'aikatan ONG, ƙungiyoyin agajin nan, da kwikwiyoyinsu, matar wani mai kantin magani, sai masu garka, wato lambu, da ke son karen gadi wanda ba zai yagi ɗan maƙwabci ba.

Tsarinmu ba duka, ba tsawa, ba fizgar igiya. Ina da wata ƴar jaka da nake ɗaurewa a ƙugu cike da gutsattsarin bandar kifi. Kare ya yi abin da ake so, nan take ka ce masa "yawwa", ka miƙa masa guntu. In ya kuskure ka sake gwadawa, shi ke nan. Kwikwiyon da ya zo yana tsalle a kan kowa, kafin wata ya ƙare za ka ga ya zauna yana kallon idonka yana jiran magana.

A gida kuwa, Inna ta ware min bokitina daban, igiyar shanyata daban. In na dawo sai na cire doguwar rigar aiki a zaure, na yi wanka, na tsuguna a kan kaskon turaren wuta, kafin ta yarda in zauna a tabarmarta.

"Wa zai ɗauki mace mai warin kare?" Haka take cewa kusan kullum. "Sa'o'inki suna goyon na uku, ke kina goyon kwikwiyo."

Ba ƙarya ta yi ba. Mutum biyu sun zo, da suka ji aikina suka ɗauke ƙafa. Baba ne kawai yake tare min faɗa. Shi ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo ya ce karen gadi bai haramta ba, kuma tausaya wa dabba lada ne. Baba bai taɓa ɗaga min murya ba tun da nake. Ina so ku riƙa tuna irin mutumin da nake ganinsa.

Sai ga Ubaidullahi.

A shagon Baba ya fara ganina. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum cikin farar shadda mai guga, hularsa ta zauna daidai. Yana da farar mota mai buɗaɗɗen baya wadda yake ɗauko tattasai da kifi da ita daga wajen Gueskérou. A kasuwa Alhaji Ubaidu suke ce masa, ko da yake bai wuce talatin da biyar ba, kuma bai taɓa aure ba. Maganarsa a hankali take fita, sai ka matsa kafin ka ji. Ranar da ya zo gaida Inna, ita da kanta ta tono zancen aikina, wai gara ya sani tun da wuri.

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai ni ma ina da kare. Da ma ina neman wanda zai gyara min shi."

Inna ta kusa yin guɗa. A ranar ta yanka zakara.

Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ya shiga raina. Da safe sai in ga saƙonsa: "Malama, sabon ɗalibinki na gaisuwa. Ya ce a yi masa sassauci." Ni kuma in zauna ina murmushi kamar sakara, in rubuta in goge, in rubuta in goge. Ya aiko min da mayafin lafaya ruwan goro mai ɗigon zinariya da kwalbar turaren humra. Na shafa humrar a wuyan hannuna na kwana ina shinshina.

Ranar wata Asabar ya kawo karen. Irin dogayen karnukan bakin kogi ne, siriri, ja-ja, da ɗigo-ɗigon baƙi a cinyoyinsa, kunne ɗaya a tsage. Sabuwar sarƙa ce a wuyansa, tana sheƙi.

"Sunansa Bobi," in ji Ubaidu. "Tun yana kwikwiyo yake hannuna."

Na tsuguna nesa kaɗan, na juya gefe don kada in tsorata shi. "Bobi," na ce.

Ko kunnensa bai motsa ba.

"Bobi."

Ya ci gaba da kallon ƙofa.

"Taurin kai gare shi," Ubaidu ya ce. Ya ɗaga hannu zai gyara hularsa, sai karen ya manne da ƙasa, ya runtse ido, wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Na gani. Na kuma ce wa kaina wataƙila masu yi masa lodi ne suke dukansa. Kun san yadda zuciya take nemo wa wanda take so uzuri.

Na ba Ubaidu guntun banda na ce ya miƙa masa. Karen ya kau da kai. Na miƙa masa da nawa hannun, ya shinshina, ya karɓa a hankali, ko haƙorinsa ban ji ba. Sai kuma wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Na sauke tafin hannuna ƙasa zan ɗauki igiya, karen ya kwanta tsaf, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya tsaya cak yana kallona. Ban koya masa ba. Na sake yi, ya sake kwanciya.

"Kai ka koya masa wannan?"

Ubaidu ya dubi karen. "Wataƙila. Na manta."

"To me kake so ya koya?"

"Abu biyu kawai. Ya riƙa amsa sunansa. Sannan ya daina kuka. In rana ta kusa faɗuwa sai ya juya wajen kogi ya yi ta kuka, maƙwabta sun fara magana."

Bayan kowa ya watse, Dokta Yakaka ta same ni ina wanke hannu a bakin famfo. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, tabarau kullum a kan hancinta.

"Na duba karen mutuminki," ta ce. "Wani ya yi renonsa da hannu mai taushi. Wani kuma ya dake shi, bai daɗe ba, akwai ƙashin da bai gama haɗewa ba. Ban jin mutum ɗaya ne ya yi duka biyun."

"Dokta, ya ce tun yana ƙarami yake wurinsa."

"Haka ya ce." Ta miƙo min tawul. "Ni abin da na taɓa da hannuna nake gaya miki."

Na ci gaba da aikina. In na ce "Bobi" ya ɗan waiwayo, in ce "yawwa", in ba shi kifi. Da sannu ya fara juyowa. Amma na san bambanci. Kare in an kira sunansa na gaskiya, jikinsa duka ne yake amsawa, har wutsiya. Wannan kansa kawai yake juyawa, kamar ma'aikacin da aka kira da lamba.

Bandar da muke aiki da ita wata tsohuwa ce take kawo mana, Ya Fanna. Babarbariya ce, daga wani ƙauye kusa da Gueskérou da mutanensa suka watse lokacin tashin hankali. Yanzu a Gagamari take zaune cikin ƴan gudun hijira, tana shigowa gari ran Talata saboda kasuwa. Kullum ta ƙofar gaba take miƙa kifin ta wuce, ba ta taɓa leƙa filin ba. Talatar da ta wuce Dokta ta kulle gaba da wuri, sai Ya Fanna ta zagayo ta baya da kwanonta a ka.

Muna tsakiyar aji. Kwikwiyoyi uku suna koyon zama, Ubaidu na tsaye ƙarƙashin itace riƙe da igiyar Bobi, waya a ɗaya hannun. Na ga karen ya ɗaga hanci. Jikinsa ya sandare. Kafin in buɗe baki ya fizge igiyar daga hannun Ubaidu.

Na ɗauka cizo zai yi, na ruga. Amma da ya kusa isa gare ta sai ya zube, ya ja ciki a ƙasa, yana wani irin kuka siriri da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Kwanon ya suɓuce daga kan Ya Fanna, kifi ya watsu a yashi. Ko kallon kifin bai yi ba.

"Bultu," tsohuwar ta ce. "Bultu, are."

Ina jin Barbarci kaɗan-kaɗan. Bultu kura ke nan, are kuma zo. Karen ya ɗora kansa a kan ƙafafunta, wutsiyarsa na dukan ƙasa, jikinsa duka na rawa.

Ya Fanna ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da Hausarta mai nauyin Barbarci ta ce, "Ina Babagana? Wannan karen ɗana ne. Ina ɗana?"

Har kwikwiyoyin sun daina motsi.

Ubaidu ya sa wayarsa a aljihu, ya tako a hankali. Ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin yashi ya shiga tsince kifin yana kaɗe ƙasa yana mayarwa cikin kwano. Murmushinsa na nan yadda yake.

"Iya, warin kifi ne ya ja shi. Karnukan kogi duk kamarsu ɗaya."

"Kunnensa," ta ce. "Ƙugiya ce ta tsaga shi. Ni na sa masa toka."

"Allah sarki." Ya miƙe ya kama igiyar. Karen ya turje, ƙafafunsa na jan layi a yashi.

"Ubaidu, dakata," na ce. "Bari mu ji ta."

Sunan da na kira shi ne ya canza komai. Ya Fanna ta dube shi da kyau, daga hula har takalmi. Na ga leɓenta ya motsa ba sauti. Sai ta ja lafayarta ta rufe rabin fuska, ta juya ta fita da sauri. Ko kwanonta ba ta ɗauka ba.

Ubaidu ya sunkuci karen kamar buhu, hannu ɗaya ya damƙe masa baki, ya kai shi bayan mota ya ɗaure. Ya dawo yana kaɗe rigarsa.

"Wace ce wannan baiwar Allah?"

"Mai kifi ce," Dokta Yakaka ta amsa daga bakin ƙofa, kafin ni in yi magana.

"A ina take zaune?"

"Ba mu tambayar masu talla gidajensu."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce Allah ya ba da lada, ya tafi. Har motar ta sha kwana ina jin kukan karen.

Da na isa gida na tarar Inna ta baza atamfofi a kan gado, tana ta gwada wannan da wancan a jikin madubi.

"Yi maza ki yi wanka ki zo ki zaɓa. Baffannin Ubaidu za su zo ran Juma'a neman izini. Babanki ya ce ba zai amsa musu komai ba sai ya ji daga bakinki, to ki shirya bakin naki."

"Inna, ba a yi sauri ba?"

Ta ajiye atamfar. "Sauri? Ikhlas, in kika bar wannan ya wuce, ki je ki gaya wa dangin ubanki na Damagaram da kanki. Ni na gaji da amsa tambaya a gidan biki."

Ban iya cin tuwon ba. Bayan magariba wayata ta yi haske, saƙon Ubaidu ne.

"Tsohuwar nan ta tsaya min a rai. Ki nemo min inda take, ina so in taimaka mata."

Na kifa wayar. Can ta sake motsi.

"Na ga kin karanta."

Sai na uku: "Shuɗi ya fi yi miki kyau. Ki sa shi ran Juma'a."

Shuɗiyar atamfar tana saman tarin da ke gadon Inna. Na san Inna tana aika masa hotuna, na san babu wani abin mamaki a ciki. Duk da haka sai da na tashi na saki labulen taga.

Washegari da safe na ce wa Inna akwai aiki a asibiti. Na sa baƙin hijabi har ƙasa, na biya asibitin na ɗauki kwanon Ya Fanna, na shiga taksin da ke bin gudro, wato titin kwalta, zuwa yamma. A shingen sojoji aka sauke mu aka duba katin shaidar kowa, muka wuce. Ban taɓa shiga Gagamari ba, wucewa kawai nake yi. Bukkokin zana da tamfol sun yi layi a gefen hanya, wasu sun tsufa har an yi musu katangar ƙasa. Na bi hayaƙin banda ina tambaya, har wata mata ta nuna min bukkarta da haɓa.

Ya Fanna na zaune tana ɗaure kaya a zane. Da ta gan ni ta miƙe tsaye, ta leƙa bayana.

"Ni kaɗai ce, Ya Fanna. Kwanonki na kawo."

Ta daɗe tana kallona kafin ta ja ni ciki. Ta shimfiɗa min buhu, ta zauna daf da ni, tana magana ƙasa-ƙasa.

Babagana shi kaɗai ya rage mata. Yana da garkar tattasai a bakin kogin Komadugu. Ko bayan sun gudo bai saki garkar ba, yakan koma ya yi ban ruwa ya kwana biyu ya dawo. A can ya tsinci kwikwiyon cikin ciyawa, uwarsa ta mutu. Da kan kifi ya rene shi. Shi ya koya masa kwanciya in ya ga tafin hannu, don kada ya kifar da kwale-kwale in suna haye ruwa.

"Ko tsawa bai taɓa yi masa ba," ta ce. "Ina yi masa faɗa, ina cewa ka mai da kare ɗan'uwanka. Ya ce min, shi ne yake jin motsi kafin ni."

Da aka tsinke tattasai na bara, ya shanya, ya cika buhuna, ya zo ya ce mata ya samu mota. Wani ɗan kasuwa zai ɗauke shi da kayansa daga garka zuwa Diffa, in ya sayar zai biyo ya kawo mata sabon tamfol kafin damina.

"Na ce wane ne? Ya ce Alhaji Ubaidu, mai farar mota. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai jiya."

"Bai dawo ba?"

"Damina ta zo ta wuce."

"Ba ki kai ƙara ba?"

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. "Ƴata, saurayi daga bakin kogi ya ɓata. In na je na faɗa, me za a fara tunani? Za a ce ya bi mutanen daji. Sai in rasa ɗa, in rasa sunansa, maƙwabta su daina gaishe ni. Na yi shiru ina jira. Na ce in ya mutu, karen zai dawo ya gaya min. Da karen bai dawo ba sai na ce suna tare."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Ta ƙulle bakin zanen da take ɗaurewa. "Tashi ki tafi. Kada ki sake zuwa. Da hantsi wata farar mota ta wuce nan a hankali, ta je ta dawo. Wani ya sauko yana tambayar yara ina tsohuwa mai kai kifi gidan likitar dabbobi. Sun ce ba su sani ba, amma gobe wani zai sani. Ni yau zan bar nan."

"Ina za ki?"

"Gara kada ki sani." Ta kama hannuna ta juya shi, ta shinshina wuyan hannun. "Turarensa ne?"

Na janye hannuna na ɓoye shi cikin hijabi.

A cikin taksi na kira Dokta Yakaka, na rufe baki da hijabi na gaya mata komai a gajarce. Ta saurara har na gama. Ta ce in wuce gida kai tsaye, kada in biya ko'ina, za ta yi tunanin wanda ya kamata a samu.

Ana kiran azahar na shigo layinmu. Farar motar na ƙofar gidanmu. Na leƙa bayanta ina wucewa: babu kare, an wanke ta tas, har ruwa bai gama bushewa a lungunan ba.

Yana fitowa daga zaure muka yi kiciɓis. Shadda ruwan toka yau, ƙamshinsa ya cika ƙofar.

"Malama. Inna ta ce kina asibiti."

"Eh."

"Yaya mutanen Gagamari?"

Ya jingina da mota, ya harɗe hannu, fuskarsa a sake kamar muna zancen lefe.

"Diffa ƙaramin gari ne, Ikhlas. Direbobin hanyar nan duk tare muke shan shayi."

"Ina karen?"

"Na kai shi garka. Na ga makarantar ba ta karɓe shi ba."

"Wace garka?"

Ya sa yatsa biyu ya cire wani ɗan tsinken zana da ya maƙale a hijabina, ya duba shi, ya yar.

"Tsofaffin nan sun ga abubuwa da yawa, kansu ya taɓu. Abin tausayi ne. Amma maganarsu takan jawo wa mutane masifa, har waɗanda ba ruwansu. Babanki mutum ne mai mutunci a kasuwa. Ba na son abin da zai taɓa shi." Ya buɗe ƙofar mota. "Shiga ciki, yana jiranki. Ki faranta masa."

Na shiga. Ban cire hijabi a zaure ba, ban yi wanka ba, Inna na kirana daga madafa ban tsaya ba. Na wuce ɗakin Baba.

Yana zaune a kan darduma, ya yi alwala, carbi a hannunsa, rediyonsa a gefe an rage murya. Ya yi min murmushin nan nasa.

"Uwata, zo zauna. Yaron nan ya sake zuwa. Na ce masa ni ba na yi wa ƴata dole. Abin da kika ce shi za a yi."

Na durƙusa a gabansa. "Baba, ina da magana, amma ba ta aure ba ce."

"Ina jin ki."

Na fara daga karen. Na gaya masa yadda ba ya amsa suna, yadda yake mannewa da ƙasa, abin da Dokta ta taɓa a haƙarƙarinsa. Na gaya masa yadda ya ja ciki zuwa ƙafafun tsohuwa mai kifi. Baba na jan carbi yana gyaɗa kai. Na ce na je Gagamari. Na ce tsohuwar tana da ɗa mai garkar tattasai, wanda ya shiga motar Ubaidu da buhunansa bara, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Carbin ya tsaya.

"Babagana," Baba ya ce.

Ban faɗi sunan ba. Na sake bin maganata a zuci tun daga farko. Ban faɗa ba.

Ya kashe rediyon. Ya dubi ƙofa ya ce, "Tura ƙofar nan, kada Innarki ta ji."

Na tura, na dawo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zuƙe jinin cikinta.

"Babagana yakan kawo min kaya duk shekara," ya ce a hankali. "Bara Ubaidu ne ya kawo buhunansa, ya ce mai su na tafe a baya. Suna cikin sitona har yanzu, ban taɓa ko ɗaya ba."

"Baba, shekara guda. Ba ka tambaya ba?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon dardumar. A waje masallaci ya tayar da iƙama, Baban da ban taɓa ganin ya rasa sahun farko ba bai motsa ba. Kuma har lokacin ban ji tashin motar Ubaidu daga ƙofar gida ba.

Da ya ɗago, bai kalli idona ba.

"Ikhlas, ban da ni, wa kika gaya wa?"

Na tuna Dokta Yakaka ita kaɗai a asibiti, ƙofar baya a buɗe. Na dubi mahaifina, mutumin da ban taɓa ɓoye wa komai ba.

"Babu kowa, Baba," na ce.